Daga ƙarshen teburi zuwa Kofin Stanley: yaya St. Louis Blues ta yi a 2019?

Ɗan Katsina ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga 'yan'uwa masu bin wasan hoki na ƙanƙara, musamman mazauna Kanada da Amurka inda wasan yake da gindin zama. Na karanta cewa a ranar 3 ga Janairun 2019 ƙungiyar St. Louis Blues ce ta ƙarshe a cikin ƙungiyoyi 31 na gasar NHL, da maki 34 kacal, amma ranar 12 ga Yunin wannan shekarar ita ce ta ɗaga Kofin Stanley bayan ta bi Boston Bruins har gida ta doke ta. Ni mutumin ƙwallon ƙafa ne, kuma a wurinmu ƙungiyar da ta kai tsakiyar kaka tana ƙarshen teburi, addu'arta ita ce kada ta faɗa ƙaramar gasa. Ko Leicester City da ake ta ba da labarinta, sai da ta tsira da ƙyar a wata kakar sannan ta ci kofi a ta gaba. To, yaya aka yi wannan ya yiwu a cikin kaka ɗaya? Abin da na fi gani ana maimaitawa shi ne wai wani sabon mai tsaron raga, Jordan Binnington, shi ne ya zo ya cece su. Da gaske mutum ɗaya ne ya yi wannan aiki, ko kuwa akwai abin da masu ba da labarin suke tsallakewa?

Mazaunin Winnipeg ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Katsina. Kafin a zo kan Binnington ya kamata a fara da tsarin gasar, domin shi ne ya bar wata ƙofa a buɗe wadda a ƙwallon ƙafa na Turai a rufe take. A NHL teburi ba ya ba da kofi. A waccan kakar kowace ƙungiya ta buga wasa 82 daga Oktoba zuwa farkon Afrilu, nasara maki biyu, shan kaye a ƙarin lokaci maki ɗaya, kuma amfanin duk wannan wahala shi ne a tace ƙungiyoyi 16 da za su shiga zagayen fitar da gwani, takwas daga gabas, takwas daga yamma. Daga nan sai lissafi ya koma sabo. Zagaye huɗu ne, a kowanne ƙungiyoyi biyu za su yi ta karawa har sai ɗaya ta ci wasa huɗu cikin bakwai, wato kofi na wanda ya tara nasara 16 ne tsakanin Afrilu da Yuni, ko a ina yake a watan Janairu. Babu faɗawa ƙaramar gasa. Sannan akwai iyakar albashi, domin a kakar 2018-19 ba a yarda jimillar albashin 'yan wasan kowace ƙungiya ta wuce dala miliyan 79.5 ba, saboda haka ratar da ke tsakanin ta sama da ta ƙasa ba ta kai wadda kuka saba gani ba. A waccan shekarar Colorado ta samu gurbin ƙarshe na yamma da maki 90, Tampa Bay kuwa, wadda ta ci wasa 62 ta tara maki 128, Columbus ta yi waje da ita a zagayen farko ba tare da ta ci ko wasa ɗaya ba.

Duk da haka, idan aka ce in nuna abu guda, mai tsaron ragar zan nuna. A hoki 'yan wasa biyar ne a kan ƙanƙara ban da gola, kuma shiga da fita suke yi ba tsayawa, da wuya mutum ya cika minti ɗaya kafin ya koma benci wani ya karɓe shi. Ɗan wasan gaba mafi gwaninta bai cika wuce minti ashirin da 'yan kai ba a cikin minti 60 na wasa. Gola shi kaɗai ne yake tsaye tun daga farko har ƙarshe, ana auna masa faifan roba, wanda shi ne ƙwallonsu, kusan sau talatin kowane dare. Idan ka yi lissafi za ka ga bambanci tsakanin golan da ke tare kashi 90 cikin ɗari da mai tare kashi 93 ya kai kusan ƙwallo guda a kowane wasa, kuma a gasar da wasanni da yawa ke ƙarewa da tazarar ƙwallo ɗaya, wannan ya isa ya ɗaga ƙungiya daga ƙasa zuwa sama.

Binnington ba yaro ba ne a lokacin, shekararsa 25. Tun 2011 St. Louis ta zaɓe shi, na 88 a jerin sabbin 'yan wasa, amma ya yi shekaru yana zagaye a ƙananan gasa har aka kusa mantawa da shi. A kakar 2017-18 ma aro aka ba da shi ga Providence Bruins, wato ƙaramar ƙungiyar Boston, wadda zai zo ya hana babbarta kofi shekara guda bayan nan. Da babban golan ƙungiyar, Jake Allen, ya kasa samun daidaito, aka sallami mataimakinsa Chad Johnson a Disamba, sai aka kira Binnington. Ranar 7 ga Janairu a Philadelphia aka fara wasa da shi a karon farko a NHL, ya tare duk harbi 25 da aka yi masa, suka ci 3-0. Ya gama kakar da nasara 24, shan kaye 5, da ɗaya a ƙarin lokaci, yana tare kashi 92.7 cikin ɗari. A zagayen fitar da gwani duk nasarori 16 ɗin shi ne a raga, abin da babu sabon gola da ya taɓa yi kafinsa.

Mu nan Winnipeg mu ne muka fara ɗanɗana kuɗarmu a hannunsu. Wasa biyar na farko duk baƙi ne suka ci, kuma na biyar shi ne ya karya mu. Ƙungiyarmu ta Winnipeg Jets tana gaba da 2-0 har aka shiga turmi na uku, wato na ƙarshe, St. Louis ta farke biyun, sannan saura daƙiƙa 15 a tashi Jaden Schwartz ya doki faifan a iska ya shiga raga. A wasa na shida shi kaɗai ya ci uku, aka sallame mu.

Baƙon Missouri ya amsa:

Malam na Winnipeg ya yi bayanin tsarin gasar yadda ya kamata, amma ina da ja a kan inda ya ɗora nauyin. A ganina labarin "ta ƙarshe a Janairu" ya fi daɗin faɗa fiye da yadda yake bayyana gaskiyar ƙungiyar. Na farko, a ranar da ake magana St. Louis wasa 37 ta buga, ta ci 15, aka ci ta 18, sai 4 a ƙarin lokaci, alhali ƙungiyoyi da dama sun riga sun kai wasa 40 ko fiye. Tana da kwantan wasanni a hannu. Ba ina cewa lafiyarta lau ba, amma ba ita ce mafi rauni a gasar ba ko a wannan ranar.

Na biyu, kuma shi ne babba, wannan ƙungiya ce da aka gina domin neman kofi. A kakar da ta gabata da maki ɗaya tak ta rasa gurbi, bayan Colorado ta doke ta a wasan ƙarshe, sai babban manajanta Doug Armstrong ya shiga kasuwa da gaske. Ranar 1 ga Yulin 2018 ya ɗauko Ryan O'Reilly daga Buffalo, ya ba da 'yan wasa uku, Patrik Berglund da Vladimir Sobotka da Tage Thompson, haɗe da damar zaɓen sabbin 'yan wasa guda biyu. Ya kawo Tyler Bozak daga Toronto, ya dawo da David Perron daga Vegas, ya kuma ba Pat Maroon, haifaffen St. Louis, kwantiragin shekara ɗaya. Kafin a fara kaka masu sharhi da yawa suna lissafa ta cikin manyan yamma. Abin mamaki a nan shi ne yadda ta lalace daga Oktoba zuwa Disamba, tashin da ta yi daga baya kuwa komawa ce matsayinta.

Dalilan lalacewar ba ɓoyayyu ba ne. Sababbin zuwa sun yi yawa, ba a san wa ya dace da wa ba. Vladimir Tarasenko ya fito daga tiyatar kafaɗa, Jay Bouwmeester daga tiyatar ƙugu, kuma dukansu sai da suka ɗauki watanni kafin su dawo hayyacinsu. Ranar 19 ga Nuwamba, bayan Los Angeles ta ci su 2-0 a gida, aka sallami koci Mike Yeo, ƙungiyar tana da nasara 7 a wasa 19, aka ba mataimakinsa Craig Berube riƙon ƙwarya. Ko a ƙarƙashin Berube abin bai gyaru nan take ba, har a Disamba aka ɗauki hoton 'yan wasansu biyu, Robert Bortuzzo da Zach Sanford, suna ba hamata iska a wurin atisaye.

Berube mutum ne da ya yi zamaninsa na ɗan wasa a matsayin mai yawan dambe a fili, ya tara sama da minti 3,000 na zaman hukunci a wajen fili, kuma salon da ya kawo ya yi kama da shi. Maimakon a riƙa ƙoƙarin wuce masu tsaron baya da dabara a tsakiyar fili, inda ake ƙwace faifai a juyo kanka, sai ya ce a jefa shi can ƙuryar abokan hamayya, a bi shi da gudu, a matse mai tsaron baya da bango, a ƙwato, a yi ta juya shi a can har su gaji. Ba wasa ne mai ban sha'awa ba ga wanda ya zo kallon gwaninta, amma yana rage yawan damar da ake samu a kan ragarka, kuma a karawar da za a haɗu da mutum ɗaya sau shida ko bakwai cikin mako biyu, yana cinye jikin abokin hamayya sannu a hankali. Ga masu tsaron baya dogaye, Colton Parayko kusan mita biyu, Bouwmeester da kyaftin Alex Pietrangelo ba su gaza shi da yawa ba. Shi Berube ya taɓa horar da ƙaramar ƙungiyarsu ta Chicago Wolves a kakar 2016-17, inda ya san Ivan Barbashev da Vince Dunn da shi kansa Binnington, don haka ba baƙinsa ba ne. Ya kuma iya shawo kan Alexander Steen, dattijon ƙungiyar, ya yarda ya sauka jeri na huɗu, wato na ƙarshe a jerin 'yan wasan gaba, tare da Barbashev da Oskar Sundqvist, kuma wannan jeri ya zama wanda ake turawa ya hana taurarin abokan hamayya sakat.

Daga 3 ga Janairu zuwa ƙarshen kaka sun ci wasa 30, aka ci su 10, sai 5 a ƙarin lokaci, suka gama da maki 99, maki ɗaya a bayan Nashville da ta jagoranci rukuninsu. A ciki akwai nasara 11 a jere daga 23 ga Janairu zuwa 19 ga Fabrairu, mafi tsawo a tarihin ƙungiyar a lokacin. A cikin wannan jeri sun yi wasa uku a jere ba a zura musu ko ɗaya ba, kuma na tsakiyar, wanda suka ci Colorado 3-0, Jake Allen ne a raga, golan da aka ce shi ne matsalar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa katangar da ke gaban golan ita ma ta canza.

Wanda yake son ganin ainihin ƙungiyar ya nemi wasa na bakwai da Dallas a zagaye na biyu. A daren nan gwanin gola ba Binnington ba ne, Ben Bishop ne na Dallas, wanda shi ma a yankin St. Louis ya girma. Blues ta yi masa harbi 54, ya tare 52. Turmi na biyu da na uku kusan duk a yankin Dallas aka yi su, amma ci yana nan 1-1, aka shiga ƙarin lokaci, wanda a wannan mataki minti ashirin-ashirin ne har sai an ci. A ƙarin lokaci na biyu Bozak ya ci rabon faifai, wato lokacin da alƙali ke sakin faifan tsakanin 'yan wasa biyu, a gefen dama, Robert Thomas, yaro ɗan shekara 19, ya kutsa ya harba, faifan ya daki ƙarfen raga, ya dawo ya bugi bayan Bishop, ya faɗi a bakin layi yana jiran mai rabo. Maroon, ƙaton da ke tsaye a gaban raga, ya miƙa sanda ya tura shi ciki. Ƙungiyar da ke raɓe a bayan golanta ba ta yin harbi 54 a wasan mutuwa ko rayuwa.

Kuma da aka zo ba da kyautar gwarzon zagayen fitar da gwani, wato Conn Smythe, O'Reilly aka ba. Ya tara maki 23, ƙwallo 8 da taimako 15, ya ci ƙwallo a wasa huɗu na ƙarshe a jere da Boston, abin da rabon da a gani tun Wayne Gretzky a 1985, kuma daga baya aka bayyana cewa da tsagaggen haƙarƙari ya yi ta wasan. Schwartz, wanda ƙwallo 11 ya ci a duk tsawon kaka, ya ci 12 a wata biyu.

Uwar Biyu ta amsa:

Malamai, ku yi mini afuwa in shigo da ra'ayin ɓangaren da aka kayar, domin ni a Massachusetts nake kuma gidanmu gidan Bruins ne. Na yarda da Malam na Missouri cewa St. Louis ƙungiya ce mai ƙarfi, amma ku biyun kun bar abu na uku, wato sa'a da hukuncin alƙalan wasa, kuma babu wanda ke cin wannan kofi ba tare da rabonsa daga cikinsu ba.

A yi adalci, an fara cutar su kafin a cutar da mu. A wasa na uku da San Jose a zagaye na uku, a ƙarin lokaci, Timo Meier ya tura faifai da hannu, ya isa ga Gustav Nyquist, shi kuma ya ba Erik Karlsson ya ci. Doka ta hana miƙa faifai da hannu a yankin abokan hamayya, alƙalai huɗu ba wanda ya gani, kuma a lokacin dokar duba bidiyo ba ta shafi irin wannan ba, sai bayan kakar aka faɗaɗa ta. Abin da ya burge ni shi ne St. Louis ba ta tsaya kuka ba, ta ci wasa uku na gaba da jimillar ƙwallo 12 da 2. Sai dai kada a manta a wasa na shida San Jose ta fito babu Karlsson, babu Joe Pavelski, babu Tomas Hertl, duk suna jinya.

Namu ya zo a wasa na biyar na karawar ƙarshe, a Boston, kowa yana da nasara biyu. St. Louis tana gaba da 1-0 a turmi na uku, Bozak ya zo ta baya ya kwashe ƙafar Noel Acciari namu, ya faɗi da ƙeya a kan ƙanƙara. Kowa a filin ya zaci za a busa, har shi Bozak ya ɗan tsaya yana duban alƙali. Ba a busa ba, Acciari yana ƙasa, Perron ya ci ta biyu, kuma wasan ya ƙare 2-1. Kyaftin ɗinmu Zdeno Chara ya buga wannan wasa da karyayyen muƙamuƙi da ya samu a wasa na huɗu. Matt Grzelcyk kuma tun wasa na biyu Sundqvist ya haɗa kansa da gilashi, bai dawo ba sai a na bakwai, shi kuwa Sundqvist wasa ɗaya aka dakatar da shi. Salon da Malam ya yaba na cinye jikin abokin hamayya, ga wanda ake cinyewa ba haka yake kallonsa ba.

Game da Binnington kuwa, ina tsakanin ku. Ba bango ba ne kullum. A wasa na uku a St. Louis mun zura masa biyar aka cire shi, muka ci 7-2, a na shida kuma, ranar da aka kawo kofin filinsu gari ya cika yana jiran biki, muka ci su 5-1. Alƙalumansa na zagayen fitar da gwani, kashi 91.4, ba su kai na golanmu Tuukka Rask ba. Abin da yake da shi shi ne duk ranar da aka yi masa kaca-kaca, wasan gaba sai ya dawo kamar ba shi ba. A wasa na biyar ɗin nan da nake ƙorafi a kai, harbi 38 ya tare.

Wasa na bakwai kuwa ba ni da wanda zan zarga sai mu. A turmin farko Boston ta yi harbi 12, St. Louis 4, amma aka tafi hutu suna gaba da 2-0. Binnington ya tare duk abin da aka jefa masa, O'Reilly ya karkatar da harbin Bouwmeester ya shiga, sannan ga abin da har yau ba a daina maganarsa a nan ba: saura 'yan daƙiƙu a tashi, Schwartz ya shigo da faifai, Brad Marchand namu ya juya ya nufi benci don a canje shi, ya bar hanya fayau, Pietrangelo ya biyo baya ya karɓa ya ɗaga shi ta bayan sanda ya wuce Rask, saura daƙiƙa 7.9. A turmi na uku Joakim Nordstrom namu ya samu damar da za ta mayar da wasan 2-1, Binnington ya miƙe ƙafar dama ya tare, ba a jima ba Brayden Schenn ya ci ta uku, Sanford ya ƙara ta huɗu. Ɗayar da Grzelcyk ya rama ta zo bayan an riga an gama. A wannan dare kam, Malam na Winnipeg ne ke da gaskiya.

Ɗan Katsina ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Malamai da Hajiya, Allah Ya ƙara sani. Saura abu biyu. Me ya sa ake ɗaukar wannan kofi da girma haka a St. Louis, tunda kowace shekara sai wata ƙungiya ta ci? Sannan idan ƙungiyar tana da ƙarfi kamar yadda Malam na Missouri ya ce, me ya hana ta maimaitawa?

Baƙon Missouri ya amsa:

Girman abin daga tsawon jira ya zo, Malam. An kafa Blues a 1967, shekarar da NHL ta ninka ƙungiyoyinta daga shida zuwa goma sha biyu, aka kuma zuba sababbin shida a rukuni guda, wanda ya tabbatar da cewa dole ɗayarsu ta kai wasan ƙarshe. St. Louis, a ƙarƙashin koci Scotty Bowman, ita ta kai sau uku a jere, 1968 da 1969 da 1970, kuma duk ukun share ta aka yi, sau biyu a hannun Montreal, sau ɗaya a hannun Boston. Wasa 12, ba ta ci ko ɗaya ba. Hoton da ya fi kowanne shahara a tarihin hoki, na Bobby Orr yana shawagi a iska bayan ya ci ƙwallon da ta ba Boston kofin 1970, a kan St. Louis aka ɗauke shi. Daga nan ta shiga zagayen fitar da gwani shekara 25 a jere, daga 1980 zuwa 2004, manyan 'yan wasa irin su Brett Hull da Al MacInnis da Chris Pronger suka wuce ta cikinta, har Gretzky ya yi 'yan watanni a 1996, a 2000 ta fi kowa maki a gasar sannan San Jose ta fitar da ita a zagayen farko, amma ba ta sake ganin wasan ƙarshe ba sai bayan shekara 49. Shi ya sa ƙwallon da Carl Gunnarsson, mai tsaron baya ɗan Siwidin, ya ci a ƙarin lokaci a wasa na biyu a Boston take da matsayi na musamman, domin ita ce nasarar farko da ƙungiyar ta taɓa samu a karawar ƙarshe. Daren wasa na bakwai, ko da yake a Boston ake yi, filinsu na Enterprise Center ya cika da masu kallo a majigi, aka buɗe filin Busch Stadium ma, mutane suka zauna cikin ruwan sama. Da Pietrangelo ya karɓi kofin, Bouwmeester ya fara miƙa wa, mutumin da ya buga wasa 1,184 na kaka kafin ya taɓa shi.

Wani abin lura shi ne a waje suka ci kofin nan. A zagayen fitar da gwani sun ci wasa 10 cikin 13 a gidan mutane, a nasu gidan kuwa 6 suka ci aka ci su 7.

Batun maimaitawa, kakar da ta biyo baya ita ce hujjata mafi ƙarfi. A Maris na 2020, lokacin da annobar korona ta tsayar da gasa, St. Louis ce ta ɗaya a yamma da maki 94 a wasa 71, duk da cewa Tarasenko ya yi kusan duk kakar yana jinyar kafaɗa, Bouwmeester kuma zuciyarsa ta tsaya yana zaune a benci a Anaheim a watan Fabrairu, aka ceto ransa amma bai sake wasa ba. Da aka dawo bayan hutun wata huɗu da 'yan kai, aka killace ƙungiyoyin yamma a Edmonton ba 'yan kallo, ba su dawo da ƙarfinsu ba, Vancouver ta fitar da su, kuma Binnington bai taɓuka abin kirki ba a wannan karawa. Daga nan iyakar albashin da Malam na Winnipeg ya ambata ta yi aikinta. Maroon ya riga ya tafi Tampa Bay tun 2019, inda ya ci kofi biyu a jere, ya zama yana da uku cikin shekara uku. Pietrangelo ya koma Vegas a 2020 bayan an kasa daidaitawa kan kwantiragi, ya ci kofin 2023 a can tare da Barbashev. O'Reilly da Tarasenko an yi musaya da su a Fabrairun 2023, Berube kuma aka sallame shi a Disambar wannan shekarar. Buffalo ma ba ta tashi a tutar babu ba daga cinikin O'Reilly, domin Tage Thompson, wanda aka ɗauka cikon ma'auni ne a 2018, ya ci mata ƙwallo 47 a kakar 2022-23.